Jirgin Gwadabe Mai Kilo Ashirin da Uku

Duk wanda ya taɓa zama a majalisarmu ta unguwar Aziziyya a nan Jidda, wadda muke yi a ƙofar shagon ƙanin Othman bayan la'asar, ya san shayi namu ne, tabarma tamu ce, amma magana ta Gwadabe ce shi kaɗai. In ka ce kanka na ciwo, zai yi maka bayanin yadda aka tsara kai. In ka yi shiru, ya yi maka bayanin illar shiru. Akwai ranar da Rilwanu direba ya yi ƙaryar an kira shi a waya don ya tsere, Gwadabe ya bi shi har bakin mota yana koya masa yadda waya ke kama sabis.

Sana'arsa kago ce. Shi ke ɗaure wa alhazai kaya in za su koma gida, ya naɗe da leda, ya ɗora a sikeli. A nan kam Allah ya ba shi, ba zan ci amanarsa ba. In Hajiya ta zo da jaka mai kilo arba'in tana matsar ƙwalla, zai zazzage jakar, ya zaro turmin ƙarfen da ta ɓoye a ƙasa, ya mayar da ita ashirin da uku cif. Abin da ya ɓata shi, tun daga nan ya yanke cewa duk wata matsala ta duniya kilo ce ta yi yawa.

Othman ne ya janyo mana. Haifaffen Jidda ne, a tashar jiragen ruwa yake aiki, Hausarsa rabi Larabci. Wata rana ya miƙo mana waya yana nuna wasu ƙananan jirage suna tsere a teku.

Ya ce, "Shuf, ya jama'a. Ba inji, iska kawai. Wannan ƙyallen da iska ke bugawa shi ne shira'. Wata mai zuwa wani kulob a Abhur, can bakin teku, zai yi tseren 'yan koyo, kowa ya zo da jirgin da ya ƙera da hannunsa. Wanda ya fi rashin nauyi shi ya fi gudu."

Gwadabe ya fizge wayar. "Kilo nawa ne wannan?"

"Yimkin ɗari da hamsin."

Gwadabe ya kwashe da dariya har shayi ya sarƙe shi. "Ɗari da hamsin! Wannan ai ba jirgi ba ne, kayan Hajiya shida ne da ɗoriya. Ni in na ƙera, ashirin da uku. Ko giram ba zai hau kai ba."

Rilwanu ya ce, "Kai da ko kududdufin Gusau ba ka taɓa shiga ba?"

"Wanda ya ƙera jirgin sama tsuntsu ne?"

Daga nan ya shiga bayani. Ya yi bayanin iska, ya yi na gishirin teku, ya koma kan kifi. Shayi ya huce, aka sake dafa wani, shi ma ya huce. Can sai na ga idon Othman ya yi wani ƙyalli.

"Tayyib, ya muhandis, babban injiniya. Mu yi alkawari. In jirginka ya kai ka tutar ƙarshe, kana cikinsa, ko na ƙarshe ka zo, to daga ranar har Babbar Salla in kana magana ba mai katse ka, ba mai taɓa waya, ba mai tashi. In bai kai ka ba, ka rufe baki har Babbar Salla. Sai dai salla, da amsa sallama, da sha'anin aiki, halas."

"Na yarda!"

Kafin a shafa fatiha sai ga saƙo daga Mariyamu, matarsa, wadda ke jin komai ta tagar bene. Ta ce don Allah a sa gida a cikin alkawarin. Aka sa, aka shafa. A daidai lokacin ne hankalinmu ya dawo jikinmu, muka gane abin da muka yi. In wannan bawan Allah ya kai tutar nan, mun shiga uku, watanni za mu yi muna zaune kamar an dasa mu.

Washegari Rilwanu ya kai shi Abhur ya ga jiragen ido da ido, ni ma na bi. Muka tarar da wani jirgi an ɗaga shi a kan karaga ana wanke shi. A ƙarƙashinsa akwai wani faffaɗan ƙarfe da ya sauko kamar wutsiyar kifi. Gwadabe ya ƙwanƙwasa shi, ya juyo ya dube mu da murmushin wanda ya kama ɓarawo.

"Kun gani? A ƙasa ake ɓoye shi. Kullum a ƙasa."

Mai wankin ya ce da Larabci wannan ƙarfen shi ke riƙe jirgin kada iska ta kifar da shi, ba a taɓa shi.

Gwadabe ya ce, "Haka kowace Hajiya ke cewa game da turminta."

Rilwanu ya buɗe baki zai yi gardama, na take masa ƙafa. Ya dube ni, ya dubi Gwadabe, sai ya gyara murya ya ce, "Gaskiya ne, muhandis. A cire shi."

Tun da nake a Aziziyya ban taɓa ganin haɗin kai irin na makonnin nan ba. Duk shawarar da Gwadabe ya kawo, unguwa ta ce madalla. Ya ce katako nauyi ne, da akwatunan falin zai yi gangar jikin jirgin, fararen akwatunan nan marasa nauyi da ake zuba kifi da ƙanƙara. Kafin magariba an tara masa su daga kasuwar kifi har sun tare ƙofar gida, ko wanke su ba a yi ba. Ya ce ƙusa nauyi ce, gam ma nauyi ne, da ledar kago zai naɗe su wuri ɗaya. Othman ya ce, "Mumtaz, wallahi Turawa ba su kai nan ba."

Da aka zo kan sandar tsakiya wadda za ta riƙe shira', Mariyamu da kanta ta sauko da bututun labulen falonta.

Gwadabe ya lanƙwasa shi a gwiwa, ya ga ya lanƙwasu. "Anya, Maman Sajida, bai yi laushi ba?"

"Haba Malam, mai ƙarfi ai nauyi gare shi."

"Kin fara ganewa," in ji shi. Ya juyo gare mu yana alfahari. "Zama da ni ne."

Shira' kuwa da harami ya ɗinka shi, cikin waɗanda alhazai ke bari a shagonsu in kilo ya yi yawa. Wani dattijo da ke wucewa ya tsaya ya ce, "Kai yaro, haramin mutane?" Gwadabe ya ce an gama ibada da shi, kuma tseren zagaye tuta ake yi, ƙyallen da ya yi ɗawafi ba sai an koya masa zagaye ba. Harami dai tawul ne, kuma ba wanda bai san aikin tawul in ya haɗu da ruwa ba. Dattijon zai faɗi haka, Othman ya ja shi gefe ya raɗa masa alkawarin. Dattijon ya dawo ya dafa kafaɗar Gwadabe ya ce ya ƙara ninki biyu don albarka.

Ranar awo aka ɗauko sikelin kago aka ɗora jirgin. Ashirin da shida.

Gwadabe ya zagaya shi yana huci. Ya cire allon zama. Ya cire igiyoyi ya sa zaren shanya. Har yanzu da saura. Idonsa ya sauka a kan katakon baya, wanda ake juya jirgi da shi.

Na kasa haƙuri na ce, "Gwadabe, in ka cire wannan da me za ka juya?"

Duk majalisa ta harare ni. Amma Mariyamu ta riga ta leƙo ta taga da muciya a hannu. "Ga wannan, Malam. Tuwon mutum ashirin take juyawa, balle ruwa."

Aka ɗaura muciya. Sikeli ya nuna ashirin da uku cif. Gwadabe ya liƙa wa jirgin takardar kago, irin wadda ake manna wa jaka, ya tsaya kusa da shi aka ɗauke shi hoto. Bai tsaya nan ba. Ya ce matuƙi ma kilo ne, don haka ya aske kansa ƙwal, ya yanke farce, ya daina cin tuwon dare. Kan haka ya ƙara sa mu a gaba da bayani, domin yunwa ba ta rage masa magana ba, sai ma ƙara mata kaifi da ta yi.

Kada a ce mu mugaye ne. Othman ya bincika, ya tabbatar wurin da ake tashi ruwan bai da zurfi, kuma akwai jirgin ceto. Shirunsa muke so, ba ransa ba.

Safiyar tsere muka ɗora jirgin a kan dabbab ɗin Rilwanu, 'yar ƙaramar motarsa ta kaya. Rilwanu ya ɗauko igiya, Gwadabe ya ce igiya za ta kwarzane ledar, shi zai zauna a baya ya riƙe da hannu. Mun hau babban titi ke nan iska ta shiga ƙarƙashin jirgin, ya tashi sama ya bar Gwadabe da hannuwa a buɗe. Ya wuce kan wata tasi, ya sauka a bayan motar tumaki. Sai da muka bi motar har danja ta uku muna oda. Da muka karɓo shi, wata tunkiya ta riga ta ci gefen shira'.

Gwadabe ya dubi ramin ya ce, "Ta rage mana kilo. Kuma kun ga da idonku, jirgin da ya tsere wa mota a tudu, ina ga ya shiga ruwa?"

A Abhur mutane sun cika bakin ruwa, da iyalai da tabarmi da filas-filas na gahawa. Rabin Aziziyya ma ta zo, har da Mariyamu da ƙawayenta, sun yi kwalliya kamar masu zuwa suna. Alƙalin tseren, wani Balarabe mai usur a wuya, ya zagaya jirginmu yana toshe hanci.

"Esh hada?"

Othman ya ce jirgi ne.

"Ina ƙarfen ƙasa?"

Gwadabe ya ce a gaya masa an kama shi a awo. Alƙali ya dubi muciya, ya dubi bututun labule, ya dubi jirgin ceto, ya ɗaga kafaɗa. Abu ɗaya ya kafe a kai, sai an sa rigar ruwa. Gwadabe ya auna ta a tafin hannu ya ce ta kai kilo guda, zalunci ne. Don ya fanshe kilon ya tuɓe jallabiya da takalmi da agogo, ya rage daga shi sai gajeren wando da rigar ruwa mai ruwan lemo.

Aka jera jirage. Na kowa ya zauna a cikin ruwa, na Gwadabe ya zauna a kan ruwa, yana rawa tun ba a taɓa shi ba. Ya ɗora ƙafa ɗaya, jirgin ya goce, ya faɗa. Ya sake, ya sake faɗawa. Sai da ni da Rilwanu muka shiga ruwa muka riƙe masa, ya hau da rarrafe ya durƙusa a tsakiya da muciya a hannu.

Aka busa usur. Muka saki.

Abin da ba mu yi tsammani ba shi ya faru. Iska ta cika haramin nan, jirgin ya fizga kamar an harba shi. Ya wuce na farko, ya wuce na biyu, ya bar wani jirgin katako mai sheƙi a baya. Iskar kuma, don tsautsayinmu, kai tsaye wajen tutar ƙarshe take busawa. Larabawa suka miƙe suna tafi. Gwadabe ya ɗaga muciya sama yana ihu, muna jiyo shi daga nesa, "Kilo! Na gaya muku kilo ne!"

Rilwanu ya dafe kai. "Inna lillahi. Har Babbar Salla, jama'a."

Othman ya ce, "Ya Rabb, ya Rabb." Mariyamu ta zauna a ƙasa ba ta sani ba. Ni kuwa na fara tunanin neman aiki a Makka.

Sai wata igiyar ruwa, 'yar ƙarama ma, ta daki gefen jirgin. Ya kwanta, shira' ya taɓa ruwa. Haramin ya yi abin da aka saƙa shi ya yi. Ya sha, ya ƙara sha, ninkin albarka ma ya sha nasa. Bututun labule ya sunkuya a hankali kamar mai gaida surukai, ya kwanta a kan Gwadabe, ya lulluɓe shi ruf. Daga bakin ruwa ba ka ganin komai sai wani farin ƙunshi yana motsi, muciya na leƙowa. Ƙunshin ya mirgina ya faɗa teku.

Da jirgin ya rabu da kayansa sai ya ƙara wuta. Amma bakin ledar ya maƙale a ƙafar Gwadabe, jirgin na gudu ledar na warwarewa. Akwatunan suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya nufi arewa, wancan ya dawo bakin ruwa, wani ya shiga tsakanin 'yan tsere ya sa jirage biyu suka yi karo. Ƙarnin kifi ya tashi, tsuntsayen teku suka sauko suna bin kowane akwati da ihu.

"Ceto! Na nutse! Ku gaya wa Maman Sajida na yafe mata!"

Jirgin ceto ya iso. Mai tuƙin ya leƙa ya ce masa, "Gum, ya hajj. Tashi tsaye."

Gwadabe ya miƙe. Ruwan a ƙugunsa ya tsaya.

A daidai nan akwati ɗaya, wanda takardar kago ke manne a jikinsa, ya tsallake tutar ƙarshe shi kaɗai, ya riga kowa. Wani tsuntsu na tsaye a kansa.

Gwadabe ya fito yana jan leda a ƙafa, harami a kafaɗa, wayoyi sun fi ɗari a kansa. Bai nufi wajenmu ba, alƙali ya nufa.

"Na ci! Jirgina ne ya fara shiga!"

"Jirginka guda nawa ne?" in ji alƙali, Othman na fassara yana share hawayen dariya.

"Wancan shi ne gaban jirgin. In gaba ya shiga ai jirgi ya shiga."

"Matuƙin fa?"

"Matuƙi kilo ne, dole aka sauke shi."

Alƙali ya ce in haka ne tsuntsun za a ba kofi. Sannan ya ce ba inda za mu sai mun tsince falin ɗinmu kaf daga teku. Muka yini muna kamun akwati, Gwadabe na biye da mu yana bayanin cewa gishirin Abhur ne ya fi na sauran tekuna nauyi. Da muka ɗora na ƙarshe a dabbab, Othman ya ɗaga hannu.

"Halas, ya muhandis. Alkawari."

Gwadabe ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ga ba mai ceto a cikinmu. Ya rufe baki. Gaskiya ɗan halak ne, bai karya ba.

Kwanakin farko mun sha daɗi. Muka gano Rilwanu yana da labarai, ashe shekara da shekaru yana neman inda zai sa baki. Mariyamu ta aiko mana da kwanon waina, ta ce ta ji karatun rediyo daga farko har ƙarshe. Gwadabe yana zuwa kullum ya zauna a gefen tabarma, ya riƙe kofin shayi, leɓunansa na motsi ba sauti. In wani ya faɗi abin da bai yarda da shi ba, sai ka ga jijiyar wuyansa ta tashi.

Ana nan, wata la'asar, wata farar mota ta tsaya a ƙofar shagon. Wani mutum mai farar jallabiya ya fito ya yi sallama, muka amsa gaba ɗaya. Ya ce sunansa Nayef, daga kulob ɗin Abhur. Kakanninsa Hausawa ne, Hausar tasa tsinto-tsinto.

"Ina mai jirgin falin?"

Muka nuna Gwadabe.

Nayef ya riƙe hannunsa da hannu biyu. "Masha Allah! Ya ustaz, bidiyonka ko'ina. Kafin ya faɗi, jirginka ya yi gudu, wallahi ba mu taɓa gani ba. Mutane suna tambaya, kaif? Yaya? Jumma'a muna da taro, babban ɗaki, kujeru cike. Mu ba ka lasifika. Ka yi bayani daga farko, komai da komai. Ba mai katse ka. In ka so awa biyu, awa biyu."

Duk muka juya wajen Gwadabe. Tun da uwarsa ta haife shi ba wanda ya taɓa roƙon Gwadabe ya yi magana, sai yau. Ya ajiye kofin shayinsa. Ya buɗe baki. Ya dubi Othman. Othman ya dubi sama. Ya dube ni, na sunkuyar da kai, domin wallahi tausayinsa ya kama ni, amma na tuna bayanin gishiri na daure. Ya mayar da bakin ya rufe, kumatunsa suka kumbura.

Nayef ya jira. Ya ƙara jira. Sannan ya juya wajen Othman ya rage murya.

"Miskin. Ba ya magana ne?"

Othman ya girgiza kai cikin jimami. "Tun haihuwa."

"La haula. Allah ya ba shi lafiya." Ya shafa aski ƙwal ɗin Gwadabe, ya shiga mota ya tafi.

Gwadabe ya bi motar da ido har ta sha kwana, hawaye na gangaro masa. Ba wanda ya iya dariya sai da ya tashi ya shiga gida. Can muka jiyo muryar Mariyamu ta taga, cikin natsuwa, tana yi masa bayanin yadda ake juya tuwo.